Wufar da Na Huda Don Ta Sha Iska

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Luba ɗakinta ba. Ko na so in manta, 'yan tashar Jega ba za su bar ni ba. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, duk lokacin da na zauna neman wanda zan ɗora wa laifin, sai in zagaya gari kaf in dawo ƙofar gidana.

Ni direba ne. Albasa nake ɗauka daga Aliero zuwa Jega, wani lokaci har gaba. Motata tsohuwa ce mai dogon baya, irin wadda ake ɗaga murfin bayanta sama. Ba ta da kyan gani, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kafin ita babbar mota na ja. Ita ce ta kife da ni shekarun baya, aka zaro ni daga ƙarƙashin buhuna ana salati, an ɗauka gawa ce. Na tashi. Kunnena na hagu ne bai tashi tare da ni ba. Na dama kuma rabin aiki yake yi. (Wannan maganar a da ban taɓa yarda da ita a gaban kowa ba. In mutum ya yi magana ban ji ba, sai in ɗaure fuska, shi kuma ya ja bakinsa ya yi gaba. A haka na yi suna da zafin rai. Sunan ya fi mini "kurma" daɗi, sai na riƙe shi.)

Luba ɗiyar ƙanwata ce, a Karaye ta ƙasar Maiyama. Ubanta ya rasu tana goye. Ni ba ni da ɗiya mace, don haka ita ce tawa. Tun tana 'yar mitsitsiya, in na je garin sai ta haye kujerar gaba ta kama sitiyari tana yin ƙarar inji da baki. Wata rana ta ce, "Kawu, ran bikina motarka za ni shiga." Na ce to. Ni kuma ba na cewa to sau biyu.

Da aka sa ranar aurenta, bayan an cire albasa, na je Karaye in ji tsari. Angon ɗan Jandutsi ne, manomi, yaron kirki. Ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce Gwaggo Tumba, yayar uban Luba, wadda komai na bikin sai da yardarta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, amma bakinta ya fi ƙarfin jikinta. Na gaishe ta, na ce ni zan ɗauki amarya.

Ta dube ni, ta leƙa motar ta ƙofar zaure, ta sake dubana.

"Kawun amarya, mi munka yi maka? Motar albasa za a sa ɗiyar ƙanena, ta isa gidan miji tana warin miya?"

Na ce za a wanke.

"To an wanke. Kiɗi fa? Abokin ango na da mota, in ta yi kiɗi har ƙasa motsi takai. Taka ko rediyo babu. A kai yarinya shiru kamar za a maƙabarta?"

Na ce za ta yi kiɗa.

"In na ji da kunnena, ta shiga. In ban ji ba, ka ɗauki turmi da tukwane."

Luba tana bayan labule. Na hango ƙafafunta. Na san ta ji komai.

Washegari na tafi Jega Sabon Gari wurin Bashar mai haɗa kayan sauti a mota. Ya iya aiki, wannan ba zan hana shi ba. Amma mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ba ka tarihin agogo. Na ce masa ina son abin da zai rufe bakin wata tsohuwa. Ya ce wufa nake nema, wato babbar sifikar nan mai faɗin faifai, wadda ba ta waƙa, aikinta kawai ta yi gurnanin da ke dukan ƙirji. Ya ɗauko guda. Sannan ya ce sai an yi mata akwati.

Ya auna bayan motar, ya auna wufar, ya yi ta danne-danne a waya. Bayan 'yan kwanaki na dawo na tarar da akwati na katako mai kauri, mai nauyi kamar buhun gero. Gabansa a miƙe, bayansa a karkace don ya bi jikin kujera. Ko'ina an like shi da gam, babu inda allura za ta shiga.

"Baba, dubi kalangu, dubi ganga," in ji shi. "Duk fata ce, duk itace ne. Mi ya raba muryarsu? Cikinsu. To haka wufa take. Ita rabin aiki ce, akwati shi ne rabin. Girman cikinai, kaurin katako, yadda anka karkata bayan, duk auna su niy yi. Don Allah, Baba, kada ka bari kowa ya taɓa shi."

Ya ci gaba da zuba. Wani ya shiga kunnen kirki, wani ya faɗa mataccen. Wanda na ji ma ban ɗauke shi da muhimmanci ba. A raina na ce, yaron da aka haifa ina kan hanya shi zai koya mini akwati? Ya kunna. Gaskiya ta yi. Ina tsaye sai na ji abu yana taɓa mini haƙarƙari, dum, dum, a natse, kamar babban mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na gyaɗa kai na ja motata.

Da na bar abin haka, da yau ba ni da labari.

Fitina ta fara ne a Aliero. Masu lodi suka ɗaga murfin baya suka ga akwati ya zauna daram a wurin buhuna. Aka tura ta nan, aka danna ta can, ya ƙi. Mai albasa yana tsaye yana tsaki, wai ya kira motar kaya an kawo masa gidan biki. Na haɗiye. Da na sauke kaya a Jega da rana tsaka, zafi kamar zai narka kwalta, na ɗora hannu a kan akwatin na ji shi zau.

To ni a albasa na tashi. Duk wanda ya tashi a cikinta ya san abu guda: abin da ka kulle ya mutu. Albasa in ka tara ta a ɗaki ka rufe, ka dawo ka tarar da ruwa da wari. Shi ya sa ake yi mata rudu, rumbun kara da ake ɗagawa daga ƙasa, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta gefe. Ko buhunta mai raga ne. Tun ina yaro abin da ake duka na a kansa ke nan: buɗe, bari ta sha iska. Sai na tsaya ina kallon akwatin nan da aka toshe kamar tulun mai, ga wufa a ciki tana aiki cikin zafi, na ce lallai Bashar mugu ne. So yake ta dahu ta mutu in dawo in sayi wata. (Ka ga yadda na yi? Ban tsaya a kan cewa ya yi kuskure ba. Kai tsaye na ba shi mugunta.)

Akwai abokina Ummaru kafinta a Aliero. Ƙofofi yake yi da benci da akurkin kaji. Na sauke masa akwatin na ce ya fasa.

Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa. "Direba, wanga aiki mai kyau ne. Mi ya yi maka?"

Na ce ya cinye mini wuri, kuma ba ya numfashi. Na ce ya yi mini wani, mai faɗi, marar ciki, wanda zai tsaya a jikin kujera kamar an jingina katifa. Katakon kuma kada ya yi nauyi.

"Ni fa ban san aikin kiɗi ba."

"Ka san akurki?"

"Na sani."

"To yi mini akurki, ka rage tsawo."

Ya ɗauko fallen katakon da ake silin da shi, ya buga. Akwatin ya fito shafal, har gindin wufar yana taɓa bangon baya. Sannan na sa ya huda shi. Ya yi huda biyu ya tsaya. Na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce ƙara. Sai da gaban akwatin ya koma kamar matacin koko, kowane rami kamar bakin kofin shayi. Ummaru ya share gumi ya ce, "In dai iska ce, wagga ba ta mutuwa da ƙishinta." Na ɗauka yabo ne.

Na haɗa wayoyin da kaina, na zauna a kujerata, na kunna. Kujerar ta ɗauki rawa. Bayana, ƙuguna, har haƙorana suka amsa. A da ƙwanƙwasa ƙofa nake ji, yanzu kuwa kamar ana fasa ta. Na ce, ka ji aiki. Ban san katakon banza ne yake kaɗawa yana dukan bayan kujera ba. Ni da bayana nake sauraron kiɗa, ba da kunne ba. Kuma ko sau ɗaya ban sauka na zagaya bayan motar na tsaya inda mutane ke tsayawa ba. Me zai kai ni? Ai ina ji a jikina.

Haka na yi ta yawo da ita har satin biki. Buhuna suna shiga yadda nake so, ana danna su a jikin akwatin har su toshe ramukan. In na sauke kaya sai in kunna kaɗan in ratsa tasha. Ba na ƙure ta, ina ajiye ƙarfinta don ranar Gwaggo Tumba.

A nan ne haushina yake. Mutane sun ji. Duk sun ji. Na tsaya gaban 'yan kamasho na ce, "Yaya kuka ji?" Babbansu ya dubi ƙasa ya ce, "Kai, sai dai a ce ma sha Allah." Wani ya ce bai taɓa jin irinta ba. (Bai yi ƙarya ba, ɗan banza.) Na lura suna ja da baya, na ce ƙarfin sautin ne. Mai ɗakina ce kaɗai ta yi ƙoƙari. Na shigo da motar ƙofar gida, ta leƙo ta ce, "Malam, motar lafiya take kuwa?" Na ce me ta sani game da mota. Ta koma madafa. Rannan kuma na bi ta gaban shagon Bashar da kiɗa a kunne. Na gan shi ta madubi ya fito da gudu yana ɗaga hannu biyu. Na ce, ka ji shi, ya ji na fi shi iyawa zai zo ya yi mini bayani. Na taka mai.

Ranar biki na wanke mota da sabulu har sau ba adadi. Na cire shimfiɗun ƙasa na shanya. Mai ɗakina ta yi mata turaren wuta har ta koma kamar ɗakin amarya. Na share kowane lungu, ban bar ɓawon albasa ko ɗaya ba. Cikin akwati ne kawai ban leƙa ba. Wa ke leƙa cikin akwatin kiɗa?

Bayan la'asar za a tashi, don yanzu ba mai son kai amarya da duhu a hanyoyinmu. Na isa Karaye cikin babbar riga. Ƙofar gida cike da mata, duk sun yi anko, atamfa shuɗiya da farin mayafi. Abokin ango ya riga ni. Motarsa baƙa ce tana sheƙi, shi kuma ya jingina da ita yana kaɗa makulli a yatsa. Ya kunna tasa. Ba laifi. 'Yan mata suka ɗan taka. Na yi fakin a gefensa, na juya bayan motata ya fuskanci mata, na ɗaga murfin.

Gwaggo Tumba ta fito da sabon leshi fari, ɗaurin kai kamar zai taɓa rufin zaure. Ta matso, ta sunkuya, ta leƙa.

"Ina abin kiɗin? Wanga akurki?"

Na ce ta tsaya nan dai, kada ta matsa.

Wallahi ni na ce mata kada ta matsa.

Na koma kujerata. Na zaɓi waƙar biki mai ganguna. Na kama maɓallin na murɗa shi har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Kujera ta ɗauka. Sitiyari ya ɗauka. Na ji abin yana hawa ta ƙashin bayana har ƙeya. Na yi murmushi, ni da ake cewa ba a san launin haƙorana ba. Sannan na ɗaga ido na dubi madubi don in ga fuskar tsohuwa.

Ban ga fuskarta ba. Wani jan hayaƙi na gani.

Na fito. Na zagaya. Karo na farko ke nan da na tsaya a bayan motar tana kiɗa, kuma kunnen kirki ne ya fuskance ta.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ka taɓa tsayawa bayan saniyar da ta ci ɗanyen wake ta ƙoshi? To ka haɗa da kwanon rufi da iska ke ɗagawa, da wani yana kaɗa buhun leda. Babu ganga, babu gurnani. Fat-fat-fat, burrr, fat. Kowane rami yana huci da kalar muryarsa. Kuma duk dukan ganga ɗaya, sai ramukan su feso ɓawon albasa. Duk ɓawon da buhuna suka yi ta zubawa a ciki tun ranar da Ummaru ya huda, ya bushe, ya dake, yana jiran wannan rana. Yana fitowa bi da bi, daidai da kiɗan, kamar an ɗauke shi aiki.

Gwaggo Tumba ba ta matsa ba. Ban sani ba ko mamaki ne ya riƙe ta, ko maganata ta bi. Ɗaurin kanta ya koma ja. Leshin ya koma ja. Ɓawo a gira, ɓawo a leɓe. Matan da ke bayanta suka watse suna kakkaɓe mayafai, warin albasa ya taso ya kashe turaren mai ɗakina nan take. Wani jaki da ke ɗaure a gindin darbejiya ya ɗaga kai ya amsa.

Kafin in kai hannu in kashe, sai wufar ta yi wani ƙara, ɓarrr, kamar an yaga sabon yadi. Fatarta ta tsage daga gefe zuwa gefe. Ta yi shiru da kanta.

Na so a yi dariya. Da an yi dariya da na samu wanda zan yi wa faɗa. Ba wanda ya yi. Kowa ya tsaya. Gwaggo Tumba ta yi atishawa, ta sake yi, ta ciro ɓawo daga bakinta ta duba shi da kyau. Sannan ta dube ni.

"Na ji da kunnena, kawun amarya. Har da hancina na ji." Ta juya wurin mata. "Ku fiddo mai turmi."

A lokacin ne dariyar ta fashe. Har abokin ango ya zauna a ƙasa.

Na taɓa kwanciya ƙarƙashin babbar mota ina jin ana cewa a nemo likkafani. Ban ji abin da na ji a ƙofar gidan nan ba. Ina tsaye cikin babbar riga aka fito da Luba a lulluɓe, ƙawaye na riƙe da ita. Ta wuce ta gabana, kafaɗunta suna rawa. Na ce shi ke nan, na sa yarinya kuka biyu, na rabuwa da gida da na kunyar kawunta. Aka buɗe mata baƙar mota ta shiga. Alkawarin da na riƙe tun tana kama sitiyari da hannu biyu, na tsaya ina kallo aka rufe masa ƙofa.

Ni kuma aka loda mini turmi da taɓarya da tukwane, aka ɗaure katifa a sama. Ina shirin tashi sai ƙofar gaba ta buɗe. Gwaggo Tumba ta shigo ta zauna. Wai ba za ta shiga motar mutane ta sa musu wari ba, gara wadda ta saba. Ka san inda fasinja ke zama. Dama da direba. Daidai kunnen da ke aiki.

Daga Karaye har Jandutsi ba ta numfasa ba.

"Wa ya yi maka wanga aiki, in aika mai da goro? Kai da kanka? Allah shi ƙara basira. Ka ce iska takai sha? To ta sha, mu ma mun sha. Tafi sannu, kada turmi shi ji kunya shi ma shi fashe."

Na riƙe sitiyari kamar zan karya shi. A rayuwata ban taɓa roƙon Allah ya kashe ɗaya kunnen ba sai ranar.

Washegari na shiga tasha da niyyar cin mutuncin kowa. Na tsaya gaban 'yan kamasho na ce, "Ku munafukai ne. Kuna ji, me ya hana ku faɗa mini?" Babbansu bai ko tashi ba. Ya ce, "Wa ka iya faɗa maka magana? Wanda ya gaji da haƙoranai?" Na koma gida na fara wa mai ɗakina. Ta ce, "Na tambaye ka, ka ce me na sani." Ta ci gaba da tankaɗe. Na kira Ummaru. Ya ce shi akurki aka sa shi, kuma akurki ya yi, in akwai kazar da ta yi ƙorafi a kawo ta.

Saura Bashar. Shi na fi jin haushi, don shi ne mai gaskiya. Na kai masa gawar wufar na ajiye a gabansa. Ya dube ta, ya dubi akwatin, ya sa yatsa a rami ɗaya ya zaro ɓawo. Na ga bakinsa yana rawa. Na ce in ya yi dariya zan tafi da haƙorinsa. Ya haɗiye.

Ya fara bayani, sai ya tsaya ta haguna. Ina ganin bakinsa yana motsi. Na gaji. Na gaji da gyaɗa kai ga abin da ban ji ba. Na ce, "Dawo ta nan. Wancan kunnen ba ya aiki."

Ya dawo ta dama ba tare da ko mamaki ba. Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, na manta."

"Ka manta me?"

"Kunnen. Ai kowa ya sani. Duk tasha ta dama suke tsaya maka."

Shekara da shekaru ina ɗaure fuska ina gadin sirri, ashe har masu sayar da ruwan leda sun san ta inda za su biyo ni.

Ranar na saurare shi har ƙarshe, karo na farko. Ya ce iskar da ke kulle a cikin akwati ba zaluntar wufa take yi ba, matashi ce da take jingina a kai. In fatar ta tura baya, iskar ta turo ta gaba. Da na huda, na janye mata matashin, ta yi ta lilo ba mai tare ta har ta yage. Ya ce sautin da ke fita ta bayanta kishiyar na gaba ne, aikin akwati ya raba su, in suka haɗu ta ramuka sai su cinye juna, shi ya sa gurnanin ya ɓace ya bar tusa. Akwatin da ba shi da ciki yana shaƙe murya, katako marar kauri kuma shi yake kiɗan kansa. Na ce ai na ga akwatuna masu rami a shagonsa. Ya ce rami ɗaya ne, mai bututu a ciki, kuma faɗinsa da zurfinsa auna su ake yi da girman akwatin, ba a kiran mai akurki. Na ce to zafin fa? Ya ce, "Baba, wufa ba albasa ba ce."

Na so in mare shi. Babu ta inda zan kama.

Sai da na yi makonni kafin na iya zuwa Jandutsi. Luba ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna ta damana. (Ita ma ashe ta sani.) Na ce mata ta yafe mini, na karya alkawari, na sa ta kuka a gaban mutane. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗun suka fara irin rawar ranar.

"Kawu, ba kuka nikai ba. Ta taga na hango Gwaggo. Tun safe ake cewa in yi kuka ya ƙi zuwa, sai da motarka ta yi abin nan hawaye sunka zubo. Har yaba ni anka yi, wai ɗiya mai kunya."

Ban ji daɗi ba, in gaya maka gaskiya. Na fi son a ce ta yi kukan. Mutum ya ɗauki baƙin ciki ya yi ta dako, ashe shi kaɗai ke ɗauke da shi.

Da lokacin haihuwarta ya matso za ta koma gida Karaye, ta ce ba ta shiga motar kowa sai tawa. Na je na ɗauko ta. Bashar ya riga ya sa mini sabuwar wufa, ya yi mini sabon akwati, mai kauri, mai karkataccen baya, a toshe ruf, yana cin wurin buhuna yadda ya ga dama ban ce masa komai ba. Ta zauna a kujerar gaba. Na kai hannu zan kunna, ta riƙe mini hannun riga.

"Kawu, bari sai mun sauka. Likita ta ce kada in yi dariya da yawa."

Haka muka tafi shiru har Karaye.

Tsohon akwatin yana gidan Gwaggo Tumba. Ita ta aiko a ba ta. Kajinta suna kwana a ciki, kuma duk wanda ya je sai ta nuna masa, ta ce ba ta taɓa samun akurki mai shan iska irinsa ba, kawun Luba ne ya zana shi da kansa. A tasha kuwa, in mota ta yi tusar salansa, sai wani ya ce, "A gaida Karaye." Suna faɗa ta haguna, suna zaton ba na ji. Ba na ji ɗin, amma ina ganin bakinsu.

Abin da na koya ba shi da yawa. Albasa ta sha iskarta, wufa a bar ta a kulle. Kuma yanzu kafin in ce abu ya yi daɗi, sai na sauka daga kujera na zagaya baya, na tsaya inda mutane ke tsayawa. In kuma na tambayi 'yan tasha suka ce ma sha Allah suna ja da baya, gida nake komawa in tambayi mai ɗakina. Ita ma ɗin sai na shirya, don tun ranar ba ta ƙara rage mini komai ba.